Haƙar mai a kwarin Volta: me zai sami ruwan bohol, kuma me mutanen gari za su nema kafin injin ya iso?

Matashin Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai wani bidiyo da yake ta yawo a WhatsApp a nan Kumasi: wani mutum a Amurka ya buɗe famfon kicin, ya ƙyasta ashana, sai ga wuta a bakin famfo. An haɗa shi da saƙon murya mai cewa abin da zai sami Atebubu da Yeji da Salaga ke nan idan GNPC, kamfanin mai na gwamnatin Gana, ta fara haƙar mai a kan tudu, domin wai da firakin za a haƙa, a fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa da ruwa da sinadarai.

Da yawa daga cikin mutanen Aboabo da Asawase suna da dangi a can, masu doya da kashu da masu kiwo, saboda haka maganar ta raba kan jama'a. Wasu na cewa a rubuta takardar ƙin yarda tun yanzu, wasu na cewa aiki ne da titi za su zo, kada a tare wa mutane arziki.

Ina roƙon masu ilimin abin su warware mana. Shin abin da GNPC take yi shi ne firakin ɗin? Idan rijiyar mai tana da zurfin kilomita biyu ko uku, ta wace hanya take ɓata bohol mai mita 60? Tazara nawa ya kamata a bari tsakanin rijiya da gidaje? Kuma mutanen gari suna da ikon cewa ba su yarda ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniya, Asawase ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Saƙon muryar nan ya cakuɗa ayyuka uku wuri ɗaya, kuma kowanne da irin ɓarnarsa.

Na farko safiyo ne. Ana share layi ta cikin daji da gonaki, a jera ƙananan na'urorin sauraro a ƙasa, sannan a tayar da ƙaramar nakiya a cikin rami, ko wata babbar mota ta girgiza ƙasa. Daga amon da ya dawo ake zana yadda duwatsu suka kwanta. Wannan shi ne aikin da GNPC ta shafe shekaru tana yi a kwarin Volta, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 103,600, wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙasar Gana. Ɓarnarsa ita ce tattake amfanin gona, da tsagewar ɗakin ƙasa ko rushewar rijiyar hannu idan an kusanto da ramin nakiya. Na biyu rijiyar gwaji: a haƙa ɗaya a ga ko akwai wani abu. Kamfanin Shell ya taɓa haƙa irinta a Premuase a shekarun 1970. Na uku shi ne firakin, kuma ba a kai nan ba. Man da Gana take sayarwa yau daga teku yake fitowa, daga Jubilee da ta fara a Disambar 2010, da TEN, da Sankofa.

Amma tambayarka tana kan hanya. Duwatsun kwarin Volta tsofaffi ne ƙwarai, sun haura shekara miliyan 500, kuma dutse in ya tsufa haka ƙofofinsa kan toshe. Idan aka tarar da gas ko mai a dutsen da ba ya sakinsa da kansa, maganar fasa shi za ta taso. Gara mutane su san abin tun yanzu.

Ga yadda ake yi. A haƙa ƙasa tsaye mita 1,500 zuwa 3,000, a karkata bakin injin ya bi cikin shimfiɗar dutsen a kwance kilomita ɗaya da rabi zuwa uku. A huda bututun a wurare, a tura ruwa da matsin da kan kai bar 700, wato kusan ninki 700 na matsin iskar da muke shaƙa, gaɓa-gaɓa, sau ashirin zuwa hamsin. Ruwan kusan kashi 90 ne, yashi kimanin 9 da rabi, sauran ɗan abin sinadarai: asid mai wanke bakin hudar, maganin sulɓi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da mai kaurara ruwa don ya ɗauki yashi. Yashin shi ke maƙalewa a tsagar ya hana ta rufewa. Rabin kashi ɗaya ɗin nan kada a raina shi: a rijiyar da ta sha lita miliyan 15, lita 75,000 ke nan.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce zuciyar maganar. Tsagar da ake yi can ƙasa ba kasafai take hawowa har ga ruwan sha ba. Mafi tsawon da masu bincike suka auna ba ta kai mita 600 ba, shi ya sa dokar Ingila ta hana firakin a zurfin da bai kai mita 1,000 ba. Hanyar da gas yake bi ita ce jikin rijiyar kanta. Ramin ya fi bututun ƙarfe faɗi, kuma ratar da ke tsakaninsu siminti ne kaɗai yake toshe ta. Ana sa bututu cikin bututu: babba a sama, sai na kare ruwan sha wanda dole ya wuce ruwa mai daɗi mafi zurfi da aƙalla mita 30, a cika bayansa da siminti tun daga ƙasa har ya ɓullo a sama, sannan na ciki.

Simintin nan ta hanya huɗu yake cin amana. Idan ba a wanke taɓon haƙa daga bangon ramin ba, ba ya kamawa, kamar filasta a bango mai ƙura. Idan ba a sa ƙarafan da ke tsayar da bututu a tsakiya ba, ya jingina gefe ɗaya, can gefen sai ya zama babu siminti. Idan dutsen yana da kogo ko tsaga, simintin ya zurare ciki bai kai sama ba. Idan kuma aka yi gaggawar ci gaba da haƙa kafin ya daskare, gas ya huda masa hanya yana ɗanye. Kowace rana injin haƙa kuɗi mai yawa yake ci, saboda haka gaggawar nan ita ce jarabawar kowane ɗan kwangila. A lura, wannan haɗarin yana nan a rijiyar gwaji ma, ko da ba a yi firakin ba.

Abin da ya faru a Dimok ta jihar Fensilbaniya a Amurka ke nan. A farkon 2009 rijiyar ruwan wani gida ta fashe saboda gas da ya taru a ciki, hukuma ta ɗora laifin kan rijiyoyin kamfanin Cabot, kuma sai a 2022 kamfanin da ya gaje shi ya amince a gaban kotu zai biya sama da dala miliyan 16 a jawo wa mutanen ruwan famfo. Shekara goma sha uku. Masu bincike na Jami'ar Duke sun auna rijiyoyin gidaje 141 a yankin a 2013, suka tarar da iskar metan, wato gas mai kama wuta, ta ninka kusan sau shida a waɗanda ke cikin kilomita ɗaya da rijiyar gas.

Takardu uku za a nema a kan kowace rijiya: zurfin da aka tsayar da bututun kare ruwan sha, sakamakon na'urar da ake zurawa ta auna kamun siminti, da sakamakon gwajin matsi. Kamfanin da ya yi aikinsa daidai yana da su a ajiye.

Hajiya Mai Awon Ruwa, Tafo ta rubuta:

Injiniya ya gama da siminti, Allah ya ƙara basira. Ni ruwan da ke shiga da wanda ke fitowa ne ya fi tsaya mini a rai, domin rahoton ƙarshe na hukumar muhalli ta Amurka, na Disambar 2016, mafi yawan hanyoyin gurɓata da ya lissafa a saman ƙasa suke: ɗibar ruwa lokacin ƙaranci, zubewar sinadarai, sakin ruwan datti ba a tace shi sosai ba, da ajiye shi a ramin da ba a shimfiɗa masa komai ba.

Lita miliyan 15 tanka 500 ce mai cin lita 30,000. A ma'aunin lita 20 ga mutum a rana, ruwan mutum 2,000 ne na shekara guda, a rijiya ɗaya. Wanda ya san yankin ya san yadda ake haƙa bohol a tashi a banza a duwatsun nan, ya kuma san halin Tamale a watan Maris. To daga ina za a ɗebo, kuma a wane wata? Ɗibar ruwa mai yawa haka sai da izinin Hukumar Albarkatun Ruwa, kuma izinin yana faɗin wuri da adadi. A nemi ganinsa.

Wani kaso na ruwan yana dawowa sama, sau da yawa tsakanin 10 zuwa 40 cikin ɗari, kuma ba yadda ya tafi yake dawowa ba. Ruwan teku yana da gishiri giram 35 a lita. Na wasu rijiyoyin Fensilbaniya ya wuce giram 200, ga bariyom, ga radiyom mai fitar da tururin nukiliya. Tafasawa ba ta cire su, alif ba ya cire su, matatar ruwan gari ma ba don su aka gina ta ba. Ramin ajiya yana buƙatar shimfiɗar roba mai kaurin milimita ɗaya da rabi, a bar aƙalla santimita 60 tsakanin ruwa da baki, a kewaye shi da waya. Inda ake samun matsala shi ne Agusta da Satumba: ruwan sama na dare ɗaya ya cika rami ya tumbatsa cikin fadama. Da rani kuma shanu ne, gishirin yana jan su. Abin da ya fi shi ne tankunan ƙarfe rufaffu, babu rami sam.

Yanzu ɗana, ga abin da za ku gaya wa danginku, kuma shi ya fi takardar ƙorafi gaggawa: a auna ruwa kafin a fara haƙa. Dalili shi ne ruwan yankin da ma yana da nasa aibin. Daboya da gishirinta aka san ta tun kaka da kakanni. Wajen Gushegu da Saboba akwai bohol masu sinadarin fulorayid da ya haura miligiram 1.5 a lita, mai rina haƙoran yara. Metan ma takan fito da kanta a wasu rijiyoyi, kuma a Amurka akwai famfunan da suke kama wuta tun kafin a san firakin. Idan babu awon farko, ranar da ruwa ya canza kamfani zai ce da ma haka yake, kuma babu mai iya ƙaryata shi.

Yadda ake yi: a lissafa duk bohol da rijiya da dam da rafi da ke cikin kilomita ɗaya zuwa biyu da wurin haƙa, a ɗauki lambar wurin kowanne da waya. A buga famfo minti 15 zuwa 20 ruwan da ya kwana a bututu ya fita. Kada a ɗebo a galan Kufuor ko robar lemo, a karɓo kwalabe daga ɗakin gwajin. Na gishiri roba ce mai lita ɗaya, na ƙarafa tana zuwa da ɗigon asid a ciki, kada a ɗauraye ta. Na benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin ɗanyen mai, ƙaramar kwalba ce mai mililita 40: a cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, a rufe, a kifa ta a ƙwanƙwasa da yatsa. In an ga ƙwayar iska ko ɗaya ta taso, a sake, domin abin da ake nema cikin iskar nan yake tserewa. A sa kwalaben a cikin kula, wato akwatin sanyi, tare da ƙanƙara, a kai cikin kwana ɗaya ko biyu. Takarda ta bi kowace kwalba: wuri, rana, lokaci, wanda ya ɗiba, wanda ya karɓa, da sa hannun shaidu, ciki har da ɗan majalisar unguwa da wakilin sarki.

A nemi awon jimillar gishiri, kuloraid, buromaid, bariyom, sitirontiyom, ƙarfe, manganis, asenik, fulorayid, benzin da metan. A auna zurfin ruwa a rijiya da yawan abin da bohol yake bayarwa a awa. A yi sau biyu, rani da damina. Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, tana Akara tana kuma da reshe a Tamale, akwai Hukumar Ma'auni ta Gana, akwai jami'ar KNUST a nan gida, na radiyom kuma Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya. A kira su tukuna a ji wanne suke iya aunawa kafin a ɗebi ruwa. Kamfani zai yi nasa awon, to a raba kowane samfur biyu a gabansa, gari ya riƙe nasa sakamakon.

Lambobin da za a riƙe: benzin kada ya wuce maikurogiram 10 a lita a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Metan in ta kai miligiram 10 a lita a sa ido, in ta kai 28 a ɗauki mataki nan take. Ba guba ba ce a ciki, haɗarinta shi ne ta taru a ɗakin famfo ko banɗaki rufaffe, tsakanin kashi 5 zuwa 15 na iska take fashewa. Alamunta: ruwa ya yi fari kamar an zuba madara sannan ya washe daga ƙasa, famfo yana tofi yana huci.

Matashin Aboabo ya rubuta:

Na gode Injiniya, na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Kuɗin awon nan ƙungiya za ta iya haɗawa ko da na bohol uku ne a fara. Saura maganar tazara da ta iko. Kuma akwai abin da ban faɗa ba: mafi yawan mutanenmu a can ba su ne masu ƙasa ba, aro ko haya suke noma a hannun sarakunan gari.

Malam Lauya, Sabon Zango ya rubuta:

Wannan da ka ƙara a ƙarshe shi ya fi komai nauyi, zan zo kansa.

Maganar iko tukuna, kuma ba mai daɗi ba ce. Kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 257, ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Jamhuriya ne, yana hannun Shugaban ƙasa amana. Sarki ba shi da shi, mai gona ba shi da shi. Dokar man fetur ta 2016, mai lamba 919, ita ke tafiyar da lasisi, Hukumar Man Fetur da aka kafa a 2011 ke sa ido. Saboda haka gari ba shi da ikon hana haƙa da bakinsa kawai. A waje ma haka ake karo da wannan bango. Mutanen Denton ta jihar Tekzas sun kaɗa ƙuri'ar haramta firakin a Nuwambar 2014, majalisar jiha ta yi dokar da ta soke ikonsu a 2015. Majalisar gundumar Lankasha a Ingila ta hana kamfanin Cuadrilla izini a 2015, gwamnatin tsakiya ta juya hukuncin a 2016. Inda hani ya tsaya, daga sama ya zo: Faransa a 2011, jihar New York a 2015.

Ƙofar da doka ta bari ita ce ta EPA, hukumar kare muhalli ta Gana. Tun ƙa'idojin 1999 aka kafa tsarin: kamfani ya yi rajistar aikin, ya fitar da rahoton share fage mai faɗin abubuwan da za a bincika, ya tuntuɓi jama'ar da abin ya shafa, ya kawo cikakken rahoton tasirin muhalli, a sanar a jarida, kuma idan adawar jama'a ta yi ƙarfi hukuma ta kira zaman sauraro a fili. Kuskuren da ake yi shi ne jiran rahoton ƙarshe. Matakin share fage shi ne lokacin magana, domin abin da bai shiga jerin bincike ba, ba zai fito a rahoto ba. A rubuta wa ofishin EPA na yanki, a kai kofe Majalisar Gunduma, a sa a buga hatimin karɓa a kofen da za ku riƙe. Takarda mai cewa ba mu yarda ba kawai, ajiye ta ake yi. Mai cewa bohol kaza yana mita 400 da wurin haƙa, mutum kaza ke sha, ga sakamakon awonsa, ina za a kai ruwan datti, wannan dole a amsa ta. Idan an hana ku takardu, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2019. Kuma a kula da takardar halartar taro: a karanta kanta kafin a sa hannu ko a dangwala, kada sunayen da aka rubuta don shan ruwa su koma shaidar amincewa.

Tazara babu lamba ɗaya a duniya. Fensilbaniya ta sa kimanin mita 150 daga gini, Kolorado ta ɗaga tata zuwa kusan mita 610 a 2020, Kalifoniya ta yi dokar kusan mita 975 a 2022. Wani bincike na 2017 da ya duba haihuwa sama da miliyan ɗaya a Fensilbaniya ya ga ƙaruwar jarirai marasa nauyi da kimanin kashi 25 cikin ɗari ga uwayen da ke cikin kilomita ɗaya da rijiya. A ganina kilomita ɗaya daga gida, makaranta, asibiti da bohol shi ne abin nema, kuma a ƙasa mai faɗi irin wannan ba abu ne mai wuya ba. Akwai wata ƙa'ida ta Fensilbaniya da ta cancanci a roƙa a sa cikin sharuɗɗan izini: idan ruwa ya lalace cikin kimanin mita 760 da rijiya a cikin wata 12, ana ɗaukar laifin kamfani ne har sai ya kawo hujjar wanke kansa.

Sai baƙi masu aron gona. Diyyar ƙasa tana zuwa ga mai asalin ƙasa, wato sarauta ko dangi. Diyyar amfanin gona da bishiya da gini ta wanda ya shuka ce ko ya gina, ko daga ina kakansa ya zo. Amma ranar ƙirga ake cin mutum: jami'an kimantawa su zo, mai gona yana kasuwar doya a Kumasi, a rubuta sunan wani. Saboda haka tun yanzu kowa ya ƙirga kashu da mangwaro da kaɗanyarsa, ya ɗauki hoto mai kwanan wata, ya zagaya iyakar gonar da waya, ya samu 'yar takarda daga mai ƙasa da shaidu biyu cewa shi ke noma wurin. Kada a yarda a biya bishiyar kashu mai 'ya'ya da kuɗin girbin shekara ɗaya, domin sabuwa sai ta shekara uku zuwa biyar kafin ta fara bayarwa. Matan da ke tsintar kaɗanya da makiyayan da za a toshe wa burtali su ne ba sa shiga lissafi, sai an kai sunayensu da gangan. Sarkin Zango ya nemi kujera a kwamitin tun farko, tare da sarkin gari, kada a yi abin da zai zama baƙi sun ja daga da masu ƙasa.

Baba Alhaji, Alabar ya rubuta:

Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma kowane ɗayansa ya rataya ne a kan mai sa ido. Ku je ku dubi kogin Offin, ku dubi kogunan Pra da Birim da Ankobra. Galamse, haƙar zinariya ba bisa doka ba, a fili ake yin ta, da rana tsaka, da injin da ake hangowa daga titi, an kasa hanawa. To simintin da ke mita 500 a ƙarƙashin ƙasa wa zai duba? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya tarar da benzin a rijiyar sha da ya ninka ma'auni sau 900, kuma Najeriya ba ta rasa dokoki a takarda ba.

Ku ƙara da girgizar ƙasa. Jihar Okalahoma ta Amurka ta ga girgiza kusan 900 masu maki 3 ko fiye a 2015 kaɗai, ta kuma ga mai maki 5.8 a 2016, saboda tura ruwan datti cikin rijiyoyi masu zurfi. A Lankasha firakin ɗin kansa ya jawo mai maki 2.9 a Agustan 2019, gwamnati ta dakatar da aikin a Nuwamba. Mu kuma gidajen ƙasa ne da bulo marar ƙarfe, ga tafkin Volta kwance a cikin kwarin, miliyoyin mutane na ci daga gare shi. Mutanen In Salah a Aljeriya sun yi watanni a titi a 2015 saboda ruwan ƙarƙashin Sahara, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ra'ayina a nemi Majalisa ta haramta firakin a kan tudu tun babu wanda ya zuba kuɗinsa a ciki, domin bayan an zuba, ba a jin kiran kowa.

Injiniya, Asawase ya rubuta:

Baba, a kan ruwan datti ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ƙasar da ba ta tanadi inda za ta kai ruwa mai gishiri giram 200 ba, ba ta shirya wa firakin ba, kuma wannan hujja ce da za a iya kai wa kowane ɗan majalisa. Inda nake jan hankali shi ne kada neman haramcin ya ɗauke ido daga rijiyar gwaji, wadda ita ce a bakin ƙofa, kuma haramcin firakin ba zai taɓa ta ba.

A kanta ga abin da zan sa a takardar farko. Izinin ya faɗa a rubuce cewa na haƙar gwaji ne kawai, duk wani fasa dutse sai an dawo an nemi sabon izini da sabon zaman jama'a. A girka na'urar auna girgiza kafin a fara, a kuma sa iyakar tsayawa: Ingila ta sa maki 0.5. A ɗauki hoton bangon gidajen da ke kusa kafin motoci su fara wucewa. A fitar wa manyan motoci hanya da ba ta ratsa kasuwa da makaranta ba, a hana su tafiya lokacin tashin yara, a riƙa yayyafa ruwa da hunturu. Ƙona gas lokacin gwaji sai da izini a dokar 919, to a sanar da gari rana da tsawon kwanakin, a sa na'urar jin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, domin in ta yi yawa hanci yana daina jin ta kafin ta kayar da mutum.

Na ƙarshe kuma shi aka fi mantawa: rufe rijiya. Yawancin rijiyoyin gwaji ba a samun abin sayarwa a cikinsu, kamfani ya kwashe kaya ya tafi. Dole a toshe ta da siminti a matakai, ɗaya a kan duk shimfiɗar da ta nuna gas, ɗaya a ƙasan ruwan sha, ɗaya a sama, a gwada kowanne da matsi, a yanke bututun a walda masa murfi, a kwashe taɓon rami a mayar da ƙasar noma. A nemi kuɗin wannan aikin a ajiye shi a asusu tun kafin a fara haƙa, a kuma rubuta cewa za a ci gaba da auna bohol ɗin da Hajiya ta lissafa sau biyu a shekara, aƙalla shekara biyar bayan an rufe.